SHARHI: Bazara Ce Lokacin Gyaran Jiragen Faiba Tun Kafin Hadari Ya Taso

Kamar yadda al'ummar da ke zaune a gaɓar Kogin Neja da Tafkin Kainji suka sani, a 'yan shekarun nan an soma ganin wani irin jirgin ruwa a mashigai da tashoshin fito wanda ba na katako ba ne, wato wanda ake kira jirgin faiba. Wasu hukumomi ne suka raba su, wasu kuwa 'yan kasuwa ne suka sayo da kuɗinsu. Jama'a sun yi maraba da waɗannan jirage, domin ba su da nauyi sosai, jikinsu ba ya ruɓewa kamar katako, kuma ba sa bukatar a riƙa toshe su da auduga da kwalta a kai a kai. Sai dai wannan alheri ya zo tare da wata gurguwar fahimta da ke yaɗuwa a tsakanin mutane, cewa shi jirgin faiba ba ya bukatar gyara har abada. A wannan sharhi muna son jawo hankalin masu jirage, da sarakunan ruwa, da jami'an ƙananan hukumomin Ngaski, Yauri, Shanga, Koko/Besse, Bagudo da Dandi, a kan cewa jirgin faiba yana tsufa, yana da irin tasa cutar, kuma bazara ce lokacin da ya fi dacewa a duba shi a yi masa magani.

ABIN DA YA KAWO MAGANAR JIRAGEN FAIBA

Idan ba a manta ba, a ranar 26 ga watan Mayu, 2021, wani jirgin katako da ya ɗauko mutane fiye da 150 tare da kaya masu nauyi ya dare gida biyu a tsakiyar ruwa kusa da garin Warra da ke Ƙaramar Hukumar Ngaski, inda kaɗan ne daga cikin fasinjojin suka tsira da rayukansu. A watan Yuni na 2023 kuma, mutane fiye da 100 suka rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara a lokacin da suke dawowa daga biki cikin dare. A ranar 1 ga Oktoba, 2024, wani jirgi da ya ɗauko masu bikin Maulidi, akasarinsu mata da yara, ya kife da dare a tsakanin Mundi da Gbajibo a yankin Mokwa. Haka nan a farkon watan Satumba na 2025, jirgi ya ci karo da kututturen itace a ƙarƙashin ruwa kusa da Gausawa a Ƙaramar Hukumar Borgu ta Jihar Neja, mutane da dama suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Duk wanda ya bi bayanan da hukumomi kan yi bayan irin waɗannan haɗurra zai tarar dalilan ba sa canzawa: lodin da ya wuce ƙima, tafiyar dare, rashin sa rigar kariya, tsufan jirage, da kuma kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968. Wannan ne ya sa Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lakwaja, ta matsa ƙaimi wajen hana tafiyar dare da tilasta sa rigar kariya. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman mai kula da harkokin teku da albarkatun ruwa, a 2024 aka ƙaddamar da sabon kundin dokokin sufurin ruwa na cikin gida, sannan a 2025 Minista Adegboyega Oyetola ya yi kira ga gwamnatocin jihohi da su janye jiragen katako daga ɗaukar fasinja sannu a hankali, su maye gurbinsu da na faiba da na alminiyam. Ita ma Hukumar Raya Yankunan da ke Samar da Wutar Lantarki ta Ruwa, wato N-HYPPADEC, wadda jiharmu ta Kebbi ke cikinta, ta raba rigunan kariya da wasu jiragen faiba a jihohin da take kula da su.

Babu shakka wannan mataki ne mai kyau. To, amma a nan ne gizo ke saƙar. Raba jirgi aiki ne na yini guda, kula da shi kuwa aiki ne na shekaru. Dukkanmu mun ga rijiyoyin burtsatse da taraktocin noma da aka yi bikin miƙa su cikin murna, amma bayan 'yan shekaru suka zama wurin wasan yara, don kawai ba a faɗi wanda zai riƙa gyara su ba. Idan rijiyar burtsatse ta lalace, mata su koma rafi da tuluna. Idan kuwa jirgi ya lalace, a tsakiyar ruwa ake sanin haka.

YADDA AKE ƘERA JIRGIN FAIBA

Kafin a san yadda za a kula da abu, wajibi ne a san yadda aka yi shi. A ƙasar Amurka aka fara ƙera jiragen faiba a shekarun 1940, kuma zuwa shekarun 1960 sun mamaye kasuwar ƙananan jirage a Amurka da Turai. Har yau akwai jiragen wancan zamani da ke bisa ruwa suna aiki, saboda masu su ba su yi sake da su ba.

Abubuwa biyu ake haɗawa a yi jikin jirgin. Na farko zaren gilashi ne siriri wanda aka shimfiɗa kamar tabarma. Na biyu kuma wani ruwan ƙaro ne na masana'anta da ake kira rezin, wanda ke daskarewa ya yi tauri idan an ɗiga masa wani sinadari da masu gyara ke kira hadna. Ana yin aikin ne a cikin wani mazubi mai siffar jirgi. Abin da ake fara fesawa a jikin mazubin shi ne wani rezin mai launi wanda ake kira jelkot, bayan ya kama sai a riƙa shimfiɗa zaren gilashi hawa-hawa ana jiƙa shi da rezin har a sami kaurin da ake bukata. Idan aka zare jirgin daga mazubi, jelkot ɗin nan ne ke kasancewa a waje, mai santsi da sheƙi. Shi ne fatar jirgi.

Abin lura a nan shi ne wannan fata ba ta da kauri. Yawanci kusan rabin milimita ce, wato ba ta kai kaurin katin zaɓe ba. Amma ita ce ke tsare zaren gilashi da rezin daga zafin rana da shigar ruwa. Mutane da yawa suna ɗaukar ta a matsayin fenti na ado, alhali kuwa garkuwa ce, kuma duk ranar da ta ƙare, jikin jirgin ne zai fara karɓar dukan.

ABUBUWAN DA KE CIN FATAR JIRGI

Abokin gaba na farko shi ne rana. A cikin haskenta akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda ke cin rezin da ke saman jelkot a hankali, ya bar garin launi kawai. Da farko sheƙi ne ke dushewa. Daga nan sai launi ya koɗe, musamman ja da shuɗi. A ƙarshe idan mutum ya shafa jikin jirgin sai ya ga tafin hannunsa ya yi fari kamar ya taɓa alli. Fatar da ta kai wannan matsayi ta riga ta yi ƙananan ƙofofi, tana riƙe datti, tana kuma barin ruwa ya ratsa ta cikin sauƙi. A ƙasa irin tamu, inda jirgi ke wuni a rana kusan duk shekara, wannan ciwo yana saurin bayyana.

Na biyu shi ne yashi da tsakuwa. A mafi yawan tashoshinmu babu gadar da jirgi zai tsaya, don haka sai a turo goshinsa bisa gaɓa, ko a ja shi a ƙasa. Kowane ja kamar an goga masa samfefa ne, har a wayi gari fatar ƙasan jirgin ta cinye, zaren gilashi ya fito fili. Zaren da ya fito kuwa yana zuƙar ruwa kamar lagwani. Haka kuma jefa babura da durom-durom da buhuna cikin jirgi da ƙarfi yana haddasa ƙananan tsaguwa masu kama da saƙar gizo.

Na uku shi ne ruwan kansa. Jirgin da ya daɗe a cikin ruwa ba a fitar da shi ba, ruwa kan ratsa fatarsa kaɗan-kaɗan, ya taru a ƙananan ramukan da ke tsakanin fata da jiki, ya narkar da wasu sinadarai, su kuma su jawo ƙarin ruwa, har bororo ya taso a ƙasan jirgin. Idan aka fasa bororon, wani ruwa ne mai tsami da wari ke fita. Masana sun tabbatar da cewa ruwan daɗi mai ɗumi, irin na kogunanmu, ya fi ruwan teku mai sanyi saurin jawo wannan matsala.

Akwai kuma wasu wurare biyu da haɗarinsu ya fi na ko'ina, domin ɓoye suke. A jirage da yawa, allon baya inda ake ɗaura inji, da kuma daɓen da fasinja ke takawa, katako ne a ciki aka lulluɓe shi da faiba. Masu iya magana na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan ruwa ya bi ta ramin ƙusa ko ta tsaguwa ya isa ga wannan katako, zai ruɓe daga ciki alhali waje yana nan sumul, har wata rana inji ya ɓalle da allon gaba ɗaya. Wuri na biyu shi ne akwatunan iska ko na soso da ke ƙarƙashin kujeru da daɓe. Ya kamata kowa ya sani cewa faiba ya fi ruwa nauyi. Jirgin katako ko ya cika da ruwa, sau da yawa yakan ci gaba da yawo a sama mutane su riƙe shi har taimako ya zo. Jirgin faiba kuwa, waɗannan akwatuna ne kaɗai ke hana shi nutsewa idan ya cika, don haka in sun huje ko sosonsu ya sha ruwa, zai tafi ƙasa kamar dutse.

DALILIN ZAƁEN BAZARA

A ƙasashen Turai da Amurka, masu ƙananan jirage kan fitar da su daga ruwa a lokacin tsananin sanyi, idan sanyi ya wuce sai su wanke su, su goge, su gyara kafin su mayar da su. Mu a nan ba mu da ƙanƙara, amma kogi ya ba mu namu lokacin. Kogin Neja yana kawo ruwa sau biyu a shekara: farin ruwa na damina wanda ke cika a wajajen Satumba da Oktoba, da kuma baƙin ruwa wanda ke tasowa daga ƙasar Gini, ya ratso Mali da Jamhuriyar Nijar, ya iso mana a tsakiyar hunturu. Daga watan Maris zuwa Mayu ruwa na ja da baya, gaɓa ta bushe, a sami filin da za a kifa jirgi.

Bugu da ƙari, rezin ba ya kama jikin da ke da laima. Duk gyaran da aka yi a kan jiƙaƙƙen faiba zai ɓanɓare, don haka aikin da ba a yi a bazara ba, da wuya a yi shi da kyau a damina. Har ila yau, a ƙarshen bazara ne hadarin farkon damina ke tasowa da iska mai ƙarfi, wadda ke tayar da igiyar ruwa a Tafkin Kainji, tafkin da faɗinsa ya haura kilomita 20 a wasu wurare. A daidai lokacin ne kuma ruwa ya yi ƙasa, kututturai suka matso kusa da sama. Jirgin da ke da rauni a jikinsa, a wannan lokaci ne asirinsa ke tonuwa.

YADDA ZA A DUBA JIRGI

Duba jirgi ba ya bukatar injiniya. Da farko a sauke inji, a fitar da jirgin daga ruwa, a ɗora shi bisa tsofaffin tayoyi ko gungumen itace, a wanke shi ciki da waje da sabulu da ruwa mai yawa, a kankare gansakuka da laka. Daga nan a buɗe duk wata mafitar ruwa da ke jikin akwatunan iska, a ɗaga goshin jirgin, a ga ko ruwa zai fito. In ya fito, to akwai inda yake shiga, kuma dole a nemo wurin. Sai a bar jirgin ya sha iska na wasu kwanaki.

Bayan ya bushe, a bi jikinsa da ido da hannu daga goshi zuwa baya, a sa alama da gawayi ko alli a duk inda aka ga tsaguwa, ko bororo, ko zaren da ya fito. Sannan a ɗauki kwabo ko ƙaramar guduma a riƙa ƙwanƙwasa jikin a hankali. Lafiyayyen wuri yana ba da ƙara mai kaifi, wurin da ya saki ko ya sha ruwa kuwa ƙararsa a dushe take, kamar an bugi fasasshiyar ƙwarya. A taka daɓe ko'ina a ji ko yana lotsawa. Idan an mayar da inji, a kama ƙafarsa a girgiza sama da ƙasa: in allon baya ya motsa, ko wani ruwa mai launin ƙasa ya tsattsafo ta ramin ƙusa, to katakon ciki ya ruɓe, kuma bai halatta wannan jirgi ya ɗauki fasinja ba sai an canza shi.

YADDA AKE MAIDO DA FATAR DA TA KOƊE

Idan sheƙi ne kawai ya dushe, wanki da gogewa da man goge jikin mota ko na jirgi sun wadatar. Idan kuwa fatar ta fara fitar da alli, sai a yi amfani da man gogewa mai ɗan kaushi, irin wanda masu fentin mota ke amfani da shi, a riƙa bi kaɗan-kaɗan da tsumma mai laushi ko da injin gogewa mai tafiya a hankali, har mataccen saman ya tafi, launi na asali ya bayyana. Inda abin ya yi tsanani, a fara da samfefar ruwa mai laushi, daga lamba 800 ko 1000 a bi da lamba 1500 ko 2000, ana yi ana zuba ruwa, kafin a koma ga man gogewa. A tuna cewa fatar siririya ce, musamman a kusurwoyi da gefuna, don haka da zarar an ga wani launi dabam yana leƙowa daga ƙasa, a dakata.

Bayan gogewa sai a shafa kakin goge mota ko na jirgi, a bar shi ya sha iska, a goge da busasshen tsumma. Shi wannan kaki shi ne ke toshe ƙananan ƙofofin fata ya kuma rage mata dukan rana, kuma a irin zafinmu yana da kyau a maimaita shi bayan 'yan watanni. Amma kada a shafa shi a daɓe ko a inda mutane ke takawa, don gudun santsi.

Ƙaramar tsaguwa kuwa, sai a ɗan buɗe bakinta da kaifin ƙarfe, a share ƙura, a goge da asiton, a cika ta da sabon jelkot da aka gauraya da hadna. Ƙa'idar hadna ita ce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na yawan rezin, ba a ƙarawa don a hanzarta aiki. Sai a rufe wurin da leda mai santsi, domin jelkot ba ya bushewa sarai idan iska na taɓa shi. Bayan ya yi tauri a cire ledar, a daidaita da samfefa. Inda rauni ya ratsa har cikin zaren gilashi, jelkot kaɗai ba zai yi ba. Wajibi ne a goge kewayen raunin ya yi gangare mai faɗi, kamar ninki 12 na kaurin jikin, a shimfiɗa sabon zare hawa-hawa da rezin, kafin a rufe da fata. Irin wannan aiki na wanda ya koya ne. Shi kuma bororo, a fasa shi, a wanke da ruwa mai tsabta, a bar shi ya bushe sosai ko da zai ɗauki makonni, sannan a cike.

KURAKURAN DA YA KAMATA A KAUCE WA

Dabarun da suka yi wa jirgin katako amfani shekara da shekaru suna iya kashe jirgin faiba. Buga facin gwangwani da ƙusa yana ƙara tsaga jikin, kwalta kuma tana ɓoye rauni ne kawai, ta kuma hana rezin kamawa daga baya. Haka nan bodi-filar gyaran mota tana shan ruwa, don haka ba ta dace da ƙasan jirgi ba. Fentin gida da aka shafa a kan koɗaɗɗiyar fata yana iya burge ido na ɗan lokaci, amma zai ɓare, kuma yana rufe tsaguwar da ya kamata a gani.

Zafin bazara ma yana da nasa sharaɗi. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40 a yankinmu, kuma a irin wannan zafi rezin yana daskarewa cikin 'yan mintoci. Saboda haka a yi aikin da sassafe, a cikin inuwa, a riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan, domin idan an kwaɓa da yawa a gwangwani ɗaya yakan yi zafi har ya yi hayaƙi. Rezin da asiton suna kama wuta, don haka a nisanta su da taba da murhu. Ɗigon hadna a ido yana iya makantar da mutum, ƙurar faiba kuma tana cutar da huhu tana sa ƙaiƙayi, don haka a sa tabarau da safar hannu da abin rufe hanci, a kuma kori yara daga wurin. Rezin ba ya jure dogon ajiya, musamman a zafi, don haka a sayi daidai bukata.

INJI DA KAYAN CETO

Gyaran bazara bai cika ba sai an haɗa da inji. A zubar da man giya a duba: in ya yi fari kamar madara, ruwa na shiga. A cire farfela a warware zaren kamun kifi da ke naɗewa a bayanta, domin shi ke yanke robar da ke tsare ruwa. A tabbatar ruwan da ke sanyaya inji yana tsartuwa da ƙarfi, in ya yi rauni a canza robar famfon. A duba fulogi da tiyon mai, a kuma bi ma'aunin haɗa fetur da baƙin mai kamar yadda kamfanin da ya ƙera injin ya tsara. Rigunan kariya su ma rana na cin su: a ƙirga su, a ja maɗaurinsu a gani, a ware waɗanda suka yage, a tabbatar akwai na yara. Kada jirgi ya rasa filafili, da igiya, da abin kwarfe ruwa.

ALHAKIN WA YE?

Jirgin ɗan kasuwa yana da mai shi, kuma mai shi ya san asarar da zai yi. Damuwarmu ta fi yawa a kan jiragen da aka bai wa al'umma, domin abin da aka ce na kowa ne, sau da yawa ba ya da mai kula. A ganinmu akwai matakan da ba su fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba.

Da farko, kowane jirgin al'umma ya kasance yana da mutum guda da aka damƙa wa amanarsa a rubuce, da sanin hakimi da sarkin ruwa, tare da littafin da za a riƙa rubuta ranar da aka duba shi da abin da aka gyara. Na biyu, a riƙa ware wani kaso daga kuɗin fito na kowace rana a asusun gyara, ƙarƙashin kulawar ƙungiyar masu jirage, don kada bazara ta zo a ce babu kuɗin rezin. Na uku, sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ya sa duba jirage a cikin jadawalinsa na watan Maris ko Afrilu, tare da gayyatar jami'an NIWA, kuma duk jirgin da aka samu da ruɓaɓɓen allo ko hujajjen akwatin iska a dakatar da shi ba tare da duban fuskar kowa ba.

Na huɗu, a horar da masu gyara a kusa da ruwa. Maƙeran jiragen katako da muke da su sun san jirgi fiye da kowa, kuma su ne sana'arsu za ta fi jin jiki idan aka janye jiragen katako, don haka su da yaransu ya kamata a fara koya wa aikin faiba. Ana iya neman haɗin gwiwar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, da Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kifin Ruwan Daɗi da ke Sabuwar Bussa, domin shirya gajeren horo. Na biyar, duk lokacin da wata hukuma za ta sayi jiragen faiba, a sa kayan gyara da horar da matuƙa a cikin yarjejeniyar sayen. Na ƙarshe kuma mafi sauƙi, a kafa rumfar zana ko ta tamfol a tasha domin jirgin da ba ya aiki ya sami inuwa, a kuma shimfiɗa tsofaffin tayoyi ko gungume a inda ake jan jirgi. Waɗannan biyun kaɗai suna iya ƙara wa fatar jirgi shekaru.

Ya kamata kuma mu faɗi gaskiya cewa har yanzu jiragen katako ne suka fi yawa a ruwanmu, kuma su ma bazara ce lokacin canza musu ruɓaɓɓun alluna. Sannan komai kyawun jirgin faiba, ba ya maganin lodin ganganci, ba ya ganin kututture cikin duhu, kuma ba ya sa wa fasinja rigar kariya. Gyara da bin doka tare suke tafiya.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi, da masu martaba sarakuna da hakimai, da sarakunan ruwa, da ƙungiyoyin masu jirage, da su ɗauki wannan aiki da muhimmanci tun ruwa bai kawo ba. Su ma fasinjoji suna da haƙƙin su dubi jirgin da za su shiga, su yi magana idan sun ga abin da bai kwanta musu ba, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kwana biyu ko uku da jirgi zai yi a kife bisa gaɓa ba asara ba ce idan aka kwatanta da abin da iyalan Warra suka gani a 2021. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye matafiyanmu a ruwa da tudu, amin.